Labarin Annoba Da Ƙanƙara, Da Namu Na Marisuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu karatu game da wani irin littafi da Turawa ke rubutawa, wanda na saba karantawa tun ina makarantar mishan.

Labarin kusan kullum ɗaya ne. Annoba ta faɗa wa gari, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, mutane kaɗan suka maƙale cikin gida guda. Sai jarumin ya kulle ƙofa, ya ɗauki bindiga, ya kori duk wanda ya yi tari, kāna ya tsira shi kaɗai. Daɗin karatu kam akwai shi, har mutum ya manta da tuwonsa. Amma ni ban yarda haka ake tsira ba, kuma ina da dalili.

A watan Nuwamba na 1918 murar nan da ta game duniya ta isa wani ƙauye a Alaska ta ƙasar Amurka, wanda yanzu ake kira Brevig Mission. Cikin mutum 80, mutum 72 suka rasu a kwana biyar. A ƙauyukan wannan yanki ba zazzaɓin kaɗai ya yi kisa ba. Da manya suka kwanta gaba ɗaya, sai aka rasa mai hura wuta, aka rasa mai ba yara abinci, sanyi da yunwa suka ƙarasa waɗanda cutar ta bari. Ƙanƙarar ce kuma ta adana gawawwakin, har wani likita mai suna Johan Hultin ya koma can a 1997 ya samo huhun da masana suka yi aiki da shi, suka gane sifar ƙwayar cutar sarai a 2005.

To, mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da hunturu, kuma wannan mura ba ta tsallake mu ba. Kakanninmu suka sa mata suna Marisuwa. Jirgin ruwa mai suna Bida ya kawo ta Ikko ran 14 ga Satumba 1918, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa ta yiwo Arewa. Kaduna a lokacin sabon gari ne, shekara ɗaya ke nan da aka ɗauke hedkwata daga Zungeru aka maido ta nan, cike da soja da lebura da ma'aikatan reluwe, galibinsu baƙi marasa dangi a kusa. An ƙiyasta mutum wajen dubu 500 suka mutu a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka ba ta wuce miliyan 18 ba.

Kakata ta ba ni abin da ta ji daga mahaifiyarta, wadda ke yarinya a wani ƙauyen Zazzau a shekarar. Ta ce gidansu mutum tara suka kwanta rana guda, ga dawa a gona ta isa girbi ba mai yanka, ga iskar dare ta fara busawa. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ta riga ta yi cutar ta tashi, ita ce ke zuwa kowace asuba da ƙwaryar kunu da ɗan itace. Sai ta hura wuta, ta cika randa, ta bi su ɗaya ɗaya tana ɗura musu. Biyu suka rasu, bakwai suka tashi. Gidan da ke bayansu kuwa, na wani baƙo da bai saba da kowa ba, sai da kwana uku suka wuce kafin a lura ba hayaƙi a madafarsu.

Ban ce a riƙa cuɗanya da marar lafiya ba. Likitoci sun yi gaskiya da suka ce a ware shi, a rufe hanci da baki, a wanke hannu. Amma warewa daban, yasarwa daban. Mun ga haka da idonmu a 2020, sa'ad da Gwamnatin Kaduna ta hana fita tun ran 26 ga Maris saboda korona, aka rufe kasuwanni da masallatai da majami'u fiye da wata biyu. Ni akawu ne, albashina bai tsaya ba. Amma a nan Unguwar Shanu yawancin maƙwabtana sai sun fita suke samun na cefane. Ban ga wanda ya nemi makami ba. Abin da na gani shi ne kwanon abinci yana wucewa ta kan katanga, da mai kanti yana buɗe rabin ƙofa bayan magariba yana ba da gari bashi.

Saboda haka ina roƙon marubutanmu na Hausa, masu gwanintar tsara labarin soyayya, su waiwayi wannan. Ga jirgin ƙasa, ga hazon hunturu, ga gari sabo cike da baƙi, me kuma ya rage wa labari? Waɗanda suka ga Marisuwa sun ƙare, waɗanda suka ji daga bakinsu ma suna ƙarewa. Duk mai tsoho a gida ya zauna da shi ya tambaye shi, ya rubuto wa Edita abin da ya ji, tare da sunan garin.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Unguwar Shanu, Kaduna.