Daga Ewekoro zuwa Olumo: farar ƙasa iri biyu ce

Iyalan da ke zaune a Agege ko Idi-Araba na iya zuwa Abekuta su dawo a wuni guda. Ana bi ta Sango-Ota da Ifo, sai Ewekoro, inda masana'antar siminti ke aiki tun 1960. Dutsen da ake haƙa a nan fari ne mai ɗan toka-toka, kuma idan aka fasa shi akan tarar da ɓawon katantanwa da ƙumba a ciki. Shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce teku ne a wurin. Halittun ruwa suka yi ta mutuwa, ɓawonsu ya taru ya danƙare. Ɗiga masa ruwan lemun tsami, za ki ga ƙananan kumfa suna tashi.

Gaba kaɗan, a tsakiyar Abekuta, dutsen Olumo yake, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙe wajen 1830. Sunan garin ma "ƙarƙashin dutse" yake nufi. Wannan giranit ne: narkakken dutse da ya huce sannu a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ya kuma girmi na Ewekoro da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Babu ɓawon komai a cikinsa, lemun tsami kuwa ko a jikinsa. A nuna wa yara manyan ƙwayoyin nan masu haske da ke jikin dutsen yayin hawa, su ake kira felsifa. Daga sama ana hango kogin Ogun da tsofaffin rufin kwano. Mai ciwon gwiwa dai kada ta yi gaggawa a matakalar.

Dukansu biyun suna kan kantar magani. Sinadarin dutsen Ewekoro, wato kalsiyam kabonet, shi ne a cikin ƙwayoyin ƙwannafi da ake taunawa da na ƙarin kalsiyam, bayan an tace shi an auna. Felsifa kuwa, idan ruwan sama ya daɗe yana cin sa, ruɓewa yake ya zama farin yumɓu, kawolin. Da shi ake haɗa farin maganin gudawar nan na da, wanda yanzu ruwan gishiri da sukari tare da zink suka maye gurbinsa ga yara.

Matsalar ita ce da Hausa dukansu "farar ƙasa" muke cewa. Mai juna biyu takan sayi ƙullin farar ƙasa a kasuwa, wadda Ibo ke kira nzu, tana ci da tunanin ƙashin jariri take ginawa. Mafi yawanta yumɓu ne, dangin Olumo, kalsiyam ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba. Yana kama sinadarin ayon a hanji ya hana jiki amfana da shi, yana taurara bayan gida, kuma a 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an samu dalma da asenik a cikin nzu. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri.

'Yar'uwa, kwaɗayin cin ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, don haka ki faɗa a wurin awo a gwada jininki. Idan an rubuta miki ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini tare, ki raba su da aƙalla awa 2, domin kalsiyam ma yana tare wa ayon hanya.