Faifan da ba ya cinyewa ba ya yanka

Duk wanda ya bi sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja zai lura cewa intalok ya mamaye tsakar gida da harabar masallaci da gidajen mai. Mai gida yakan ɓata kwanaki yana zaɓen launi da fasali, yana auna ko mai kaurin milimita 60 zai saya ko mai 80 da ke jure nauyin manyan motoci. Amma kyan shimfiɗa a gefe yake bayyana: bakin kwata, gindin ginshiƙi, kwanar da bulo ba ya shiga sai an rage shi. A nan aikin ke komawa hannun wani faifan ƙarfe da ba a cika sa shi a lissafi ba. Na shafe shekaru ina duba ayyukan gini, kuma kusan kullum yaron birkila ake miƙa wa kuɗi a ce ya je Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei ya sayo faifan yanka, kamar dai faifan iri ɗaya ne.

Faifan daimon ba shi da kaifi irin na wuƙa. Gurza yake yi. Jikinsa ƙarfe ne, a bakinsa kuma akwai abin da masu aiki ke kira haƙora: garin ƙarfe, kamar kobalt da tagulla, da aka cakuɗa da ƙwayoyin daimon aka gasa har suka kama juna. Daimon ɗin ma ba na haƙa ba ne. Tun da Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya yi nasarar ƙera shi a Disambar 1954, masana'antu suka koma amfani da ƙerarre, kuma yau mafi yawansa daga Sin yake fitowa. A ma'aunin taurin ma'adinai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon na kan mataki na 10, ma'adinin kwaz da ke cike da yashi da tsakuwarmu yana kan na 7. Tazarar nan ce ke ba faifan ikon cin kankare.

Sai dai ƙwayar daimon ma tana dakushewa. Idan ta dakushe, dole gamin ƙarfen da ke riƙe da ita ya zaizaye, ta faɗi, sabuwa ta fito daga ƙarƙashinta. Wato faifan yana wasa kansa ne ta hanyar cinyewa, kuma dukkan hikimar zaɓe tana cikin daidaita saurin cinyewar da abin da ake yankawa. Dokar tana saɓa wa zato: abu mai tauri yana son gami mai laushi, abu mai laushi da gautsi yana son gami mai tauri.

Dalilin yana nan. Dutse irin wanda ake fasawa a Mpape yana dakushe daimon da sauri, amma garinsa ba ya cin ƙarfe sosai. In gamin ya yi tauri, dakusassun ƙwayoyi za su zauna daram, bakin faifan ya yi santsi, ya riƙa zafi ba tare da ya nutsa ba. Kwalta kuwa, da sabon kankare da bulon yashi, ba sa wahalar da daimon, amma yashin da suke fitarwa yana cin ƙarfe kamar magagari. In gamin ya yi laushi, zai zubar da ƙwayoyin tun ba su yi aikinsu ba, faifan ya ƙare a wuni ɗaya. Intalok yana tsakani, kuma ya danganta da wanda ya buga shi: na injin masana'anta mai tsakuwar dutse ya fi tauri, na gefen titi mai yawan yashi ya fi cin faifai.

A wajen wani dattijon birkila na fara ganin wannan doka a aikace. Faifansa ya tsaya cak a kan dutsen bakin hanya, yaransa suka ce ya mutu. Ya ɗauko guntun bulon yashi, ya tsaga shi sau uku ko huɗu, ya koma kan dutsen, faifan ya ci gaba da shiga. Na ce, "Baba, me ka yi masa?" Ya ce, "Injiniya, idonsa ne ya rufe, na buɗe masa." Yashin ya kankare gamin, sababbin ƙwayoyi sun fito. Bai taɓa jin sunan Mohs ba, amma hannunsa ya san abin da littafi ke faɗa.

Bayan gami sai fasalin baki. Mai haƙora rarrabe yana da gibi da ke fitar da gari ya kuma sha iska, shi ya sa ya dace da intalok da kankare. Mai baki a haɗe ba gibi yana ba da gefe sumul, na tayil ne, kuma yana son ruwa. Mai baki tsaga-tsaga da ake kira turbo yana tsakaninsu. A duba kuma yadda aka haɗa haƙoran da jiki: wanda aka yi wa walda da hasken leza yana jure yanka a bushe, wanda aka liƙa da dalma kuwa zafi na iya narka haɗin, haƙori ya ɓalle ya tashi kamar harsashi.

Girma ma ba a yi masa kintace. Faifan milimita 230 yana nutsawa kimanin milimita 60 zuwa 70, don haka bulo mai 80 sai an juya shi, ko a nemi injin fetur mai faifan 350. Iyakar gudun faifan 230 zagaye 6,600 ne a minti, ƙaramin injin hannu kuwa yana kai wa kusan 11,000. Wanda ya cire murfin kariya don ya ɗora babban faifai a ƙaramin inji yana wasa da fuskarsa ne. Game da farashi kuma, araha ba ta ado: abin lissafi shi ne mita nawa faifan ya yanka kafin ya ƙare, da bulo nawa ya ɓalgace a hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne farar ƙurar da ke turnuƙe mai yanka. A cikinta akwai silika, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, masu shiga can cikin huhu su bar tabo. Cutar da suke haifarwa ba ta warkewa, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. A 1997 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya silikar da ake shaƙa a wurin aiki cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Ƙyallen da yaro ke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta. Ruwa ne ke kwantar da ita, shi ke kuma sanyaya faifan ya tsawaita kwanansa, amma a injin da aka yi domin haka. Tsiyaya ruwan leda a kan injin lantarki neman wani hatsarin ne. Inda babu ruwa, a nemi takunkumi na gaskiya mai lambar FFP3, ko na'urar datse bulo ta hannu, wadda ba ta tayar da ƙura sosai.

Yawancin masu karanta wannan ba za su taɓa riƙe injin yanka ba, amma mu ne muke biyan kuɗin aikin, mu ne muke sa hannu a takardar kwangila. Shi ya sa yanzu nake sa faifai da ruwa da takunkumi a jerin kayan aiki, kusa da siminti da yashi, nake kuma tambayar ɗan kwangila tun kafin a sauke bulo: me za a yanka, da wane faifai, a bushe ko da ruwa? Kuɗin ba ya kai na buhunan siminti kaɗan. Yaron da ke durƙushe a bakin kwata kuwa, ƙila bai wuce shekara ashirin ba, kuma da huhun nan zai ciyar da iyali.