Ƙananan kalmomin Turanci da ke jawo rigima

Duk ɗan da ya yi sakandare a gidan 'yan kasuwa ya san aikin da ke jiransa, wato ya zama tafinta. Ni ma haka nake wa Baba a nan Jos Jarawa, ni ke karanta masa saƙon masu turo kaya daga Onitsha, in rubuta amsa. To manyan kalmomi ba sa ba ni wahala, ƙananan nan ne masu taurin kai.

Ka ɗauki "in", "on" da "at". Bahaushe "a" ɗinsa guda ta ishe shi: a Jos, a kasuwa, a tebur. In yana son ƙarin bayani sai ya ɗauko daga jikinsa, ciki ya ba da cikin, kai ya ba da kan, haka baki da baya. Wannan da sauƙi.

Inda kuɗi ke shiga shi ne "to" da "for". Baba zai ce, rubuta cewa na sayar masa da buhu goma. Shi ya saya, ko kuwa kayansa ne aka sayar a madadinsa? Hausar ta ɗauki duka biyun, Turanci kuwa dole ka zaɓi ɗaya, kuma zaɓin shi ke nuna wa ke bin wani bashi. Sai na tsaya na ce, Baba, kayan na waye? Haka "on Friday" ranar Juma'a ce, "by Friday" kuwa kada a wuce Juma'a. Mai tumatir a Farin Gada ya san bambancin kwana ɗaya.

Amma wadda ta fi damuna ba ta kasuwa ba ce. Kakana haƙar kuza ta kawo shi, Baba a nan aka haife shi, shagonsa na cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Terminus a 2002. In na ce ni ɗan Jos ne, babu mai musu a unguwa, har maƙwabtanmu Afizere, da Hausa muke gaisawa kullum. To juya shi zuwa Turanci. "Born in Jos" kowa zai yarda. Ka ce "from Jos" a wajen cike fom, sai a ɗago kai a ce, a'a, asalinka muke tambaya, a nemi takardar shaidar ɗan ƙasa. Ƙanena zai cike na jami'a bana, kuma har yanzu muna gardama a gida kan abin da zai rubuta a layin.