Tattakin Gero

Tun 2015 an fi sanin tattaki da taya 'yan siyasa murna. Namu na marayu ne. Abokai suka yi alkawari ta WhatsApp: duk kilomita ɗaya, kwanon gero ɗaya.

Muka bar Batsari bayan asuba, Dajin Rugu na damanmu, ba mai son waiwayarsa. Kafin Runka ƙafafu sun yi bororo. Nan wata dattijuwa ta ba mu ruwa, ta ce ita cikin dare ta yi nata tattakin, goye da jika, ba takalmi, ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Ko sisi ba a biya ta ba.

A Safana aka tarbe mu da tafi. Muka ce a bari, a auna geron.