Jakadanci Ko Bincike? Abin Da Na Zaɓa A Digiri Na Biyu



'Yan'uwa, duk wanda ya karanta Hulɗar Ƙasa da Ƙasa kuma ya ƙudurci ƙara karatu, zai tarar hanya ta rabu biyu. Akwai digirin diflomasiyya, wanda ma'aikata suka fi nema, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai kuma digirin bincike, mai kai mutum ga koyarwa da rubutu. Bayan istihara da shawarar malamaina, na ɗauki na bincike.

Ba don na raina jakadanci ba. Ta yaya Musulmi zai raina aikin da Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya yi a gaban Najjashi? Ko aikin marigayi Ɗanmasanin Kano, Maitama Sule, wanda ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata? Sai dai jakada ba da bakinsa yake magana ba. Gwamnati ke yanke hukunci, shi kuwa ya fita ya kare shi, ko zuciyarsa ta yarda ko ba ta yarda ba.

Abin da ya faru a 2023 ya fayyace mini wannan. Da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum a Nijar a watan Yuli, sai ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Su wa suka ji a jikinsu? Talakawan Maraɗi da na Katsina, waɗanda aure da kasuwa suka haɗa tun kafin Turawa su shata iyaka. Na tambayi kaina: da ni ne jami'in da aka tura ya kare wannan mataki, da wane ido zan dubi mutanen nan? Abin lura kuma, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ta samu ganin Janar Tiani a watan Agusta, alhali ya ƙi ganin wakilan ECOWAS na farko. Waɗanda suka san mutanen da harshensu da addininsu ne aka buɗe wa ƙofa.

Wannan sanin nake nema. A aji ana fara mana tarihin fannin daga yarjejeniyar Wesfaliya ta 1648, kamar babu abin da ya gabace ta. Alhali Imam Muhammad ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, ya riga ya rubuta As-Siyar al-Kabir kan alƙawari da sulhu da amanar baƙo. Ina son bincikena ya haɗa wannan gado da rikicin Sahel.

Albashin malami dai kun san shi, iyayena ma sun tuna mini. Yanzu na duƙufa kan Faransanci, domin Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk da shi aka rubuta yawancin takardunsu na gwamnati, sannan ina gyara Larabcina. Ku sa ni a addu'a.

Wassalam.