Dogon da ke bisa tsohon ƙyaure

Ni dai ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba, kuma na san yawancin masu karanta wannan ɗan littafi haka suke. A Nijar muna da dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, wanda aka fara shimfiɗawa a 2014. Duk lokacin da mota ta ɗauko ni daga jami'a zuwa gida ina ganin shi kwance gefen hanya, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan, awaki suna hutawa a kai. Jirgi kam ban taɓa gamuwa da shi ba. Wataƙila shi ya sa a hutun bara na ce sai na gina nawa a Bazaga, cikin ɗakin da muke kwana ni da ƙanena.

A intanet na ga yadda masu wannan sha'awa suke yi a Turai. Suna da ma'auni: abin da ya kai santimita 87 a zahiri sai su mayar da shi santimita 1, faɗin dogon kuma milimita 16.5. Na ɗauki bik na yi lissafi. Da wannan ma'auni, kilomita guda yana son wuri mai tsawon mita 11 da rabi. Ɗakinmu bai wuce mita 3 ba, kuma a ciki akwai katifa biyu, akwatin littattafaina da keken ƙanena. Abin da na samu kawai shi ne tsohon ƙyauren katako da aka jingine bayan rumbu. Na ɗora shi bisa bulo huɗu, na ce to, ga ƙasata nan.

Kayan aiki irin na ƙuruciya ne, waɗanda muke yin motar kara da su. Wayar ƙafar keke ta zama dogo. Tsinken ashana ya zama katakan da ake gicciyawa a ƙasa, na liƙa su ɗaya bayan ɗaya da ƙaro. Taragai na yanka su daga gwangwanin madara, ƙafafun kuma maɓallan tsohuwar riga ne. Na tankaɗe yashi na barbaɗa, na gina tudu da yumɓu. Buri na yi mai yawa: tasha a Ƙonni, reshe zuwa Malbaza don ɗauko siminti, wani zuwa Galmi don albasa. Har ƴan buhunan albasa na ɗinka, na cika su da dawa ja.

Wahalar farko kwana ce. Ƙyauren ba shi da faɗi, in na lanƙwasa wayar da yawa sai taragon baya ya kife. Na kwana uku ina fama, ƙanena yana dariya daga kan katifa.

Babana bai yi dariya ba. Ya leƙo ya ce, “Mun tura ka Yamai karatu, ka dawo kana wasan yara?” Na rasa amsa, don ni ma tambayar tana damuna da dare.

Wanda ya ɗauki abin da gaske kakana ne. Idonshi ya yi rauni, sai da hannu ya bi dogon daga farko har ƙarshe. Ya ce, “Kai ɗan nema, mi kaka yi? Wanga ba reluwe ba na. Jirgi ba jaki ba na da za ka juya shi inda ka so.” Ashe yana saurayi ya yi cin rani a Najeriya, ya hau jirgi a Ƙauran Namoda ya sauka Zariya. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya, ban taɓa jin wannan labari ba.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya sa a kawo mishi kujera bakin ƙofa. Shi ya ce min tasha ba ta cika sai da tankin ruwa a sama, don injin yana shan ruwa ya fi raƙumi. Ya ce sai da mata masu tallar tuwo da dafaffen rogo suna miƙawa ta taga, da buhunan gyaɗa jibge a gefe, da mutum mai tuta. Na ɗauko kaye na fara rubuta kalmominshi, tun da harshe nake karanta. Ni “jirgin ƙasa” nake cewa, shi “reluwe”. Abokaina a Yamai “gar” suke cewa, daga Faransanci, shi “tasha”, daga Ingilishi. Iyaka ta ratsa tsakanin kalmominmu, ga shi kuwa Ƙonni da Illela ta Najeriya ko a keke ana zuwa.

Sai kaka ta yi, aka kawo amfanin gona. Inna ta shigo ta dubi ƙyaurena ta dubi buhunan wake da ke tsakar gida. Ta ce, “Ɗan nan, wake za mu ci ko jirgi?” Gaskiya ta faɗa. Muka daidaita a kan rabi: in yanke ƙyauren biyu, rabi ya zauna, rabi ya fita.

Na daɗe riƙe da zarto. A gefe guda ga Malbaza da Galmi, dogon da nake fata ƙasarmu ta samu. A ɗaya gefen ga tashar tsoho, wadda ban taɓa gani ba sai a bakinshi. Na ce wa kaina, fata ana iya sake zana shi kowace shekara. Ga dogon Kano zuwa Maraɗi ma an aza harsashinshi tun 2021, wata rana ƙila mu hau. Amma mai labarin Ƙauran Namoda ya haura tamanin. Na yanke Malbaza da Galmi.

Yanzu abin da ya rage bai kai mita guda ba. Ba ya zagayawa, jirgin yana shiga tasha ne ya tsaya ya koma da baya. Na buga ƙusa biyu na rataye shi a bango sama da buhunan, saboda gara. Ran da zan koma makaranta na sauke shi na ajiye a cinyar tsoho. Ya shafa tankin ruwan, ya shafa matan tallar da na yi da yumɓu, ya ƙirga su. Ya ce, “Saura ɗaya. Akwai wata mai fura, ita ta ba ni bashi ran da anka sace min kuɗi.”

Na yi mishi alkawarin mai fura a hutu mai zuwa. Yumɓun yana nan na ajiye cikin leda, na kuma gargaɗi ƙanena kada ya taɓa. Allah Ya sa in tarar da tsoho lafiya, ya gaya min wane gefen dogo take zama.