Banɗakin Hajiya da lissafin ɗan boko

Daminar bara Hajiya, kakarmu, ta zame a hanyar bayan gida da asuba. Allah ya taƙaita, ba ta karye ba, amma ta yi sati uku tana sallah a zaune. Gidanmu na Hayin Banki irin tsofaffin gidajen nan ne: ɗakuna a jere, bayan gida ɗaya can ƙuryar tsakar gida, rijiya kusa da madafa. Daga ɗakinta zuwa can akwai ɗan nisa, ga santsi, ga duhu in an ɗauke wuta. A daren Baba ya ce za a fitar mata da banɗaki a cikin ɗakinta. Ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun ƙiyasin kuɗin gini, sai ka yi mana lissafi."

Wallahi kaina ya yi girma. Washegari daga Barnawa ban wuce gida ba, na shiga kasuwa shago shago ina tambayar farashi: masai na zama, shawa, kan famfo biyu, tayil, ƙofa, bulo da siminti. Shi simintin ma tun da ya haura naira dubu goma a farkon 2024 kowa ke jin tsoronsa. Na haɗa komai a kwamfuta, har da kuɗin aiki, ya tashi N380,000. Na buga a takarda na miƙa wa Baba. Ya ninke ya sa a aljihu, ya kwashi adashinsa, Yaya ya turo ciko daga Abuja.

Ranar da mai aikin famfo ya zo, ko kallon takardata bai yi ba. Wani siririn tiyo ya ciro, ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya na riƙe a ɗakin Hajiya, shi kuma ya ja ɗayan zuwa bakin tsohon raminmu. Can sai na ji ya ce, "Injiniya, zo ka gani." Ashe daɓen ɗakin ya fi mashigar ramin ƙasa da kusan ƙafa guda. Dalili kuwa, duk lokacin da aka ɗaga titi da kwatar layinmu sai mu ma mu cike tsakar gida da jar ƙasa don kada ruwa ya shigo mana. Ɗakin Hajiya, da yake shi aka fara ginawa, yana nan inda yake. Shekara ashirin da biyu ina sauka cikin ɗakin nan, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ake sauka ba.

Ya ce, "Ruwa ba ya hawa sama sai da inji, mu kuma nan wace wutar za mu ba injin?" Abin haushin, na san wannan. Mun yi shi a aji: fayif mai inci huɗu yana son gangara ta ɗaya cikin arba'in, wato in zai yi tafiyar mita 12, sai ƙarshensa ya sauka da santimita 30. Na ci jarrabawar, amma ban kawo shi cikin lissafin gidanmu ba.

Hanya biyu ta rage. Ko a ɗaga banɗakin a yi masa matakala uku, ko a haƙa sabon rami mai zurfi. Ta farkon ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai matakala ga tsohuwa mai ciwon gwiwa an gudu ne ba a tsira ba. Ta biyun kuma da tata matsalar. Fili mafi kusa yana jikin katangar maƙwabcinmu, bayanta kuwa rijiyarsu ce, wadda gida uku ke sha. Ƙa'ida ta ce a bar aƙalla mita 15 tsakanin irin wannan rami da rijiya. Wani daga cikin 'yan uwa ya ce a haƙa kawai, wa zai sani? Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ni zan sani."

Haka aka kai ramin can wajen ƙofar gida, nesa da tasu rijiyar da tamu. Aka fasa daɓen tsakar gida, aka ƙaro fayif, aka gina akwatin dubawa biyu a kan hanya saboda toshewa, aka sa bututun fitar da wari. Ga leburori masu haƙa, ga birkila, ga rodi da tsakuwa na murfin rami. Da aka gama kuɗin ya kusa ninka nawa. Masai da tayil ɗin da na ɓata yini guda ina ciniki a kansu, su ne ƙaramin kaso. Yawancin kuɗin yana ƙarƙashin ƙasa, inda baƙo ba zai taɓa gani ya yaba ba.

Baba bai yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya sayar da tsohon babur ɗinsa, ni kuma na zuba kuɗin da nake tarawa na furojet. Har yanzu da nake wannan rubutu ban gama mayar da su ba.

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da ke shirin fita, kafin ku rubuta wa kowa adadi a takarda ku je wurin da ƙafarku, ku auna, ku tambayi mai sana'ar ko da bai yi aji ɗaya a boko ba. Wanda kuka ba takardar, da ita zai je ya ci bashi.

Hajiya dai yanzu taku huɗu take yi ta yi alwala. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Maigidan, ka zo da takardar lissafin ne, ko yau ma sai mai tiyo ya zo?"